Ɗigo Ɗaya Tsakanin Rahama da Zahama

A garin Kiru, bayan masallacin unguwarsu, akwai wani zaure wanda hasken hantsi yake shiga ta ƙofarsa ta gabas ya kwanta a kan buzu. A nan Malam Abdulmumini ya yi shekara hamsin yana wata sana'a da ba ta da rumfa a kasuwa. Mutanen gari suna ce masa Malam Mai Reza, har baƙi sukan shigo su tuɓe hula su zauna, suna zaton wanzami ne. Shi kuwa bai taɓa aske kan kowa ba. Takarda yake yi wa aski.

Kafin na'urar kwafi ta cika gari, ɗalibin da yake son littafin fiƙihu ko na nahawu sai ya kai wa marubuci ya kwafa masa da hannu. Marubuci kuwa ɗan Adam ne. Alƙalami yakan yi tsartuwa, ƙuda yakan sauka a kan ɗanyar tawada ya tashi ya sauka a wani wurin. Aikin Malam Abdulmumini shi ne ya bi bayan marubuci layi bayan layi, duk inda ya ga ɗigon da ba a gayyace shi ba, ya kankare shi da gefen reza, a hankali don kada takarda ta huje, sannan ya murza wurin da wani ɗan dutse mai santsi da ya tsinto a bakin ruwan Bagauda tun yana saurayi.

Yana da shekara goma sha tara sana'ar ta same shi. A makarantar malaminsu babu mai kyan hannu kamar abokinsa Ukasha, don haka da direbobin Kwanar Dangora suka gina masallacin tasha, shi aka sa ya rubuta musu addu'a a babbar takarda, ana roƙon Allah ya saukar da rahama a wannan wuri. Takardar ta yi mako guda a rataye kowa yana yabawa, sai Abdulmumini ya tsaya a gabanta ya ga wani ɗigo ƙarami ya zauna a kan harafin ra. Harafin ra kuwa in ya ɗauki ɗigo ya zama harafin zai, kalmar rahama ta koma zahama, wato cunkoso da turereniya. Da ya faɗa wa malaminsu, malam ya laluba aljihu ya miƙa masa reza. Har yau in an tayar da zancen, Malam Ukasha yakan ce duk wanda ya ga Kwanar Dangora ranar kasuwa ya san an riga an amsa addu'ar kafin a gyara ta.

Tun daga nan suka zama biyu da ba sa rabuwa, ɗaya yana zubawa, ɗaya yana kwashewa. A ƙarshen kowane littafi sunan marubuci ake sawa, a roƙa masa gafara shi da iyayensa. Ba a sa sunan mai reza, domin aikinsa in ya yi kyau ba a ganinsa. Wannan bai taɓa damun Malam Abdulmumini ba. Yana noma masararsa a gonar da ya gada wajen Ba'awa, matarsa Hindatu tana kiwon awaki, 'ya'yansu sun girma sun yi gidajensu.

Halaye biyu aka san shi da su. Na farko, in an kawo masa littafin hannu ana cika baki cewa babu kuskure a ciki, sai ya ɗaga shafi ya duba shi a hasken rana. In bai ga tabon reza ko ɗaya ba, sai ya mayar wa mai shi ya ce, "Wannan ba a duba shi ba tukuna." Na biyu, ba ya karɓar kalma daga kunne sai ya gan ta a rubuce, ko da sunan maganin ƙwari ne da malamin gona ya faɗa.

Yana da shekara sittin da tara fitsari ya fara yi masa gardama. Alwala ba ta kai shi daga Azahar zuwa La'asar. Ya ɓoye abin wata da watanni, har Hindatu ta lura da yawan cika buta, ta tsare shi a tsakar gida.

"Malam, ko dai ka tafi asibiti da ƙafarka, ko in kira 'ya'yanka su ɗauke ka kamar buhun masara. Zaɓi ɗaya."

Ya zaɓi ƙafarsa. A wani babban asibiti a Kano aka tsinko 'yar tsoka daga ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, aka ce sankara ce, amma ba ta yi nisa ba. Likitan ya yi masa bayani cewa irin wannan ciwo hali biyu gare shi. Wani yana tafiya a hankali ƙwarai, har akan bar shi ana dai sa masa ido. Wani kuma ba ya jira, dole a fara magani nan da nan, allura da gasa wurin da hasken na'ura, mutum ya tare a Kano mako bakwai. Akwai sauran gwaje-gwaje da za su taimaka a gane da wanne ake tare.

Malam Abdulmumini ya dawo gida yana fatan na farkon, kuma ba tsoron allura ne ya sa ba. A lokacin Malam Ukasha, wanda idonsa ya fara hazo, yana kwafar abin da ya ce shi ne aikinsa na ƙarshe: bayanan da marigayi malaminsu ya bari a kan rabon gado, warƙa ɗari huɗu. An duba ɗari da talatin kawai. A ilimin gado kuwa ɗigo ɗaya yana iya mayar da rabon wata ya zama na wani. Ya ƙudurta a ransa cewa in da hali, ba zai bar zauren nan ba sai an kai warƙar ƙarshe.

Ranar karɓar sakamako aka tura su shi da Hindatu wajen Likita Rufaida, wadda aikinta shi ne duba tsoka a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. 'Yar Bebeji ce, ta gaishe su har ƙasa da gaisuwar gida. Malam ya ga gilasai jere a kan tebur, kowane da ɗan tabo a tsakiya, sai son sani ya motsa.

"'Yata, wannan shi ne naman nawa? Ana bari mai shi ya gani?"

Ta yi dariya ta gyara masa kujera. Ya kafa ido ɗaya kamar yadda yake yi wa shafi. Ya ga wani fili kamar takarda, gefe guda ya yi ƙasa-ƙasa kamar an zubar da ruwan goro a kai, gefe guda kuwa fes, fari mai ɗan shuɗi, babu ko tabo.

"Baba, ka ga inda ya yi launin goro? Nan akwai Fiten. Wancan wurin da ya yi fari kuwa, inda ciwon yake, babu Fiten ko kaɗan."

Kafin ta ƙara wata kalma aka leƙo aka ce ana nemanta da gaggawa a ɗakin tiyata. Ta rubuta takarda ta ba shi, ta ce lallai ya kai wa likitansa ranar Litinin, shi zai yi masa cikakken bayani, ta fita da sauri.

Abin da ya shiga kunnen Malam Abdulmumini shi ne fitan, jam'in fitina a Larabci. Babu fitan a inda ciwon yake. Ga shi kuma ya gani da idonsa, shafin ya fita tas. Tun a mota ya fara hamdala. Da suka sauka a Kwanar Dangora ya ce wa Hindatu ta jiƙa shinkafa, gobe a yi waina a raba sadaka.

"Ni dai, Malam, fuskar yarinyar nan ba ta yi mini kama da ta mai bushara ba."

"Ke fuska kika karanta, ni kuwa shafi na karanta. Wa ya fi wani hujja?"

Ta soya wainar tana gunaguni. Litinin ta zo ta wuce, takardar likita tana cikin gafaka, Malam yana kan warƙa ta ɗari da arba'in.

Sai dai kalmar ta ƙi barinsa. Ba shakka ce ta kama shi ba, mamaki ne. Yana cikin kankara sai ya tsaya da reza a sama yana tunani: ta wace hanya jam'in fitina ya shiga littattafan likitocin boko? Daga Andalus suka ɗauko shi, ko daga Bagadaza? Kuma me ya sa ta karkatar da wasalin ƙarshe ta ce fiten, kamar mai karatu da imala? Rana ta goma ya kasa haƙuri, ya zayyana wa Malam Ukasha, wanda yake zaune a ɗaya gefen zauren yana fiƙe alƙalami.

Malam Ukasha ya ɗago. "Da wane harafi ta rubuta shi?"

"Ba ta rubuta ba. Faɗa ta yi."

"Af! Maimaita in ji da kyau. Kai, Mai Reza, ka karɓi kalma daga kunne? Shekara hamsin kana hana ni shan ruwa a kan ɗigon da ƙuda ya yi, ashe kai da an zo kan naman jikinka sai ka ci waina a kan jita-jita!"

Malam Abdulmumini ya ajiye warƙar da ke hannunsa. Ya nannaɗe rezarsa a ƙyalle. Washegari da hantsi suna Kano, Hindatu tana biye da shi, shi kuwa yana ta nanata mata cewa ba don ciwo ya zo ba, tambaya ɗaya ce ta lugga.

Da Likita Rufaida ta gan su sai ta miƙe tsaye. "Baba! Ina ka shiga? Likitanka ya yi ta kiran lambar da kuka bari."

"Wayar tana hannunsa," in ji Hindatu, "ya sa ta a ƙarƙashin buzu wai tana katse masa layi."

"'Yata, bar wannan tukuna. Kalmar nan da kika faɗa ran nan, rubuta mini ita."

Ta ɗauki biro ta rubuta haruffa huɗu na boko, manya: PTEN. Ya juya takardar sama da ƙasa. Babu harafin fa, babu harafin ta mai ɗigo biyu, babu abin da ya haɗa ta da fitina. Ta ce harafin farkon ma irin wanda bakin Bahaushe yake mayarwa fa ne, kuma ba kalma ba ce, taƙaitaccen suna ne na wani ma'aikaci da ke cikin jiki. Da ya gaya mata abin da shi ya ji, da wainar da aka raba, sai ta dafe kai ta zauna.

"Laifina ne, Baba, da na bar ka da rabin magana. Rashin Fiten ba bushara ba ne. Shi kamar birkin mota yake."

"Ban taɓa tuƙa ko keke ba. Faɗa mini abin yadda yake, in na gaza ganewa zan tsayar da ke."

Ta ja takarda ta zana da'ira. Ta ce jikin mutum an gina shi da ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, kowace tana da fata, fatar kuwa ta kitse ce. A cikin wannan fata, ta ɓangaren ciki, akwai wani irin kitse na musamman wanda yake ɗauke da wasu 'yan ƙullutu biyu da ake kira fosfet. Ta ɗiga ɗigo biyu a bakin da'irar. In saƙo ya zo daga waje cewa jiki yana bukatar sababbin ƙwayoyi, sai wani ma'aikaci ya zo ya ƙara na uku. Ta ɗiga na ukun.

Malam ya matso da kujerarsa. "Tsaya. Da biyu ne, yanzu uku. Harafin ta ne ya koma harafin sa. To, wa yake karantawa?"

Ta dube shi, ta ga ya riga ta zuwa inda za ta. Ta ce akwai mai karantawa kuwa, wani ɗan aike ne da ke yawo a cikin ƙwayar. Muddin ɗigo biyu ne, wucewa yake yi. Da ya ga na uku sai ya manne a wurin, ya ɗauki umarni ya kai ciki: ki ci, ki girma, ki rabu biyu, kada ki mutu.

"Ashe ɗigon nan kuskure ne."

"A'a, Baba. Ba don shi ba, in ka yanke da reza ciwon ba zai haɗe ba, jariri ma ba zai girma ba. Ana bukatarsa, amma na ɗan lokaci. Aibin shi ne ya zauna bayan an gama da shi. Shi ya sa aka yi masa mai cirewa. Wannan Fiten ɗin ba shi da wani babban aiki da ya wuce ya bi fatar ƙwaya, duk inda ya ga ɗigo na uku ya cire shi, ya bar biyun nan yadda suke. Ba ya taɓa na farko, ba ya taɓa na biyu."

Hindatu ta saki salati. "Malam, ashe kana da ɗan'uwa a cikin ciki ba ka sani ba."

Shi bai ji ta ba. Yana kallon ɗigo ukun nan. "In mai cirewar ya tafi fa?"

"Sai ɗigo ya taru. Ɗan aike ya yi ta karanta umarni ɗaya ba dare ba rana, ko saƙo ya zo daga waje ko bai zo ba. Ƙwayoyin da ya kamata su tsufa su ba wasu wuri su ƙi mutuwa, su yi ta haihuwa, su cika wurin, su matse hanyar fitsari, daga baya su nemi wani wurin."

"Zahama," in ji Malam a hankali.

Likita Rufaida ba ta gane ba, sai da Hindatu ta ba ta labarin masallacin tasha a taƙaice. Shi kuwa tambayoyi suka ɓalle masa kamar ɗalibi a gaban malami. Mai cirewar guda nawa ne? Ta ce umarnin ƙera shi kwafi biyu ne a kowace ƙwaya, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma a wurin da ciwonsa yake alama ta nuna duka biyun sun lalace, amma sauran jikinsa yana da su lafiya. Ba za a iya aika wani sabo ya maye gurbinsa ba? Ta ce har yanzu ilimi bai kai nan ba. Masu bincike suna gwada magungunan da za su rufe idon ɗan aiken, ko su riƙe hannun mai ɗigawa, amma abin da ke hannu yau shi ne a rage abin da ke ciyar da ciwon da allura, a ƙone wurin da na'ura tun bai bazu ba. Ta ƙara da cewa ba wannan gwaji kaɗai aka duba ba, siffar ƙwayoyin ma ta nuna haka: nasa ba irin wanda ake zuba wa ido ba ne.

Can Malam ya ce, "Mayar mini da gilashin nan in sake gani."

Ta nemo shi ta sa. Ta ce launin goron nan rini ne da suke zubawa, wanda ba ya kama komai sai Fiten, don a san inda yake. Malam ya daɗe a sunkuye. Ga gefen da ya ƙi ran nan saboda tabo, ashe nan ne ake aiki. Ga kuma farin gefen da ya yi wa hamdala, fes, babu alamar an taɓa bi ta kansa. Sau nawa aka kawo masa irin wannan shafi a zaure ya mayar wa mai shi?

Ya ɗago, ya goge idonsa da gefen rawani. "Wannan ba a duba shi ba tukuna," ya ce. "Ina ne ofishin likitan nawa?"

A ranar aka yi masa allurar farko. Da lokacin gashi ya zo, suka tare a gidan 'yarsu a Kano. Bai bar littafin gado ba. Duk ranar Asabar Malam Ukasha yakan ba wani direban Kwanar Dangora warƙa ashirin a naɗe cikin fata, a karɓo waɗanda aka gama. Masu jiran layi a asibiti suka saba da ganin wani dattijo a ƙarshen benci, allo a kan cinya, takarda a kan allo, yana kankara da reza. Wasu ranakun jiki yakan hana shi, warƙa biyu kawai yake iya bi. Likita Rufaida takan biyo ta wurin in ta sami sarari, kuma ba ta taɓa tafiya ba tare da ya tare ta da sabuwar tambaya ba. Ya taɓa tambayarta inda ɗigon da aka cire yake zuwa, domin nasa dai yana hure shi ne ya bi iska. Ta ce a jiki ba a zubar da shi, ana mayar da shi a sake aiki da shi. Wannan ya yi kwana uku yana ba shi mamaki.

An gama gashi kafin a gama littafi. Ya koma Kiru da sharaɗin zuwa gwajin jini duk wata uku, kuma ba a sake jin ya tsallake ko ɗaya ba. Wayar ma ta fito daga ƙarƙashin buzu ta koma hannun Hindatu.

Bayan an girbe masara Malam Ukasha ya miƙo masa warƙa ta ɗari huɗu. A ƙasanta, bayan sunan marubuci da roƙon gafara, akwai wani layi da ba a saba gani ba, mai cewa wanda ya duba wannan littafi ya gyara shi, shi ne Abdulmumini ɗan Kiru, Allah ya ƙara masa lafiya. Malam ya karanta sau biyu. A karo na biyu ya ga wani ɗigo ya zauna daram a kan harafin ainun da ke farkon sunansa, ya mayar da shi gainun.

"Ukasha, idonka ne ya yi wannan, ko da gangan ka yi?"

"Ni aikina zubawa," in ji Malam Ukasha, yana wanke alƙalami. "In kana da ƙorafi, ka san inda rezarka take."

Malam Abdulmumini ya warware ƙyallen, ya juya warƙar ta fuskanci hasken ƙofa, ya sunkuya.